Tsofaffin wasiƙun jiragen ruwan Sifaniya: abin da sabuwar dokar Turai ta canza ga masu tara su

Tun daga ranar 28 ga Yuni, 2025, duk wanda zai shigar da tsohuwar takarda cikin ƙasashen Tarayyar Turai, matuƙar ta haura shekara 200 kuma darajarta ta kai Yuro 18,000, sai ya gabatar wa kwastan sanarwar cewa takardar ta bar ƙasarta ta asali bisa ƙa'ida. Waɗanda suka tsara dokar, gumaka da kayan tarihin da aka yi ta wawashewa a Siriya da Iraƙi ne a ransu. Sai dai igiyar ta zarge wasu mutanen da ba a cika jin ɗuriyarsu ba, wato masu tara wasiƙun da jiragen ruwan Sifaniya suka yi jigila tsakanin Turai da ƙasashen da ta mallaka a nahiyar Amurka da Asiya.

Akwai wani daidaituwar lokaci da ya sa abin ya taɓa su fiye da sauran masu tara kan sarki. Idan aka cire shekara 200 daga 2025, za a sauka a 1825. Yaƙin Ayacucho, wanda ya karya mulkin Sifaniya a Kudancin Amurka, an gwabza shi ne a watan Disambar 1824. Ke nan kusan duk wata wasiƙa da aka rubuta a Lima ko Meksiko ko Buenos Aires a zamanin mulkin mallaka ta riga ta haye wannan layi na shekaru.

## Mene ne ainihin abin da ake tarawa?

Mai karatu zai iya zaton kan sarki ake nufi. Yawancin wasiƙun nan sun girmi kan sarki nesa ba kusa ba. Birtaniya ce ta fara fitar da kan sarki a 1840, Sifaniya ta bi sahu ranar 1 ga Janairu, 1850, tsibiran Filifin suka samu nasu a 1854, Kyuba da Puerto Rico kuma a 1855. Abin da ya gabaci wannan lokaci, masu harkar a Sifaniya suna kiran sa prefilatelia, ma'ana zamanin da babu kan sarki.

A wancan zamani babu ambulan. Mutum zai rubuta saƙonsa, ya ninke takardar, ya liƙe bakinta da jan danƙo, ya danna hatiminsa, sannan ya rubuta sunan wanda za a kai wa a bayanta. A wannan bayan ne ma'aikatan gidan waya suke buga tambarinsu, su kuma rubuta kuɗin da za a karɓa. Galibi wanda aka aika wa ne ke biya, shi ya sa lambar da aka rubuta da hannu a kan wasiƙa take da muhimmanci: bashi ne da ke bin mai karɓa.

Don haka mai tara irin wannan kaya ya fi kallon bayan wasiƙa a kan cikinta. Tambarin tashar jirgi, launin tawada, adadin kuɗi, sunan jirgin da mai aikawa ya rubuta a kusurwa, ranar da ɗan kasuwan da ya karɓa ya rubuta cewa ta iso: da waɗannan yake haɗa labarin tafiyarta. Masanin tarihi kuwa cikinta ya dame shi, da kuma sauran takardun da aka ajiye ta a tsakiyarsu. Wannan bambancin kallo shi ne tushen mafi yawan saɓanin da za a gani a gaba.

## Kafin 1764: shekara 250 na jiran jirgi

Tun 1503 aka kafa Casa de Contratación a birnin Sevilla, hukumar da duk wata hulɗa da ƙasashen ƙetare take bi ta hannunta, kafin a mayar da ita Cádiz a 1717. A 1514 masarauta ta ba wani mashawarcinta, Lorenzo Galíndez de Carvajal, muƙamin Correo Mayor de Indias, wato shugaban wasiƙun ƙasashen ƙetare, muƙamin da ya zama gadon gidansu har sama da shekara 250.

A aikace, wasiƙa tana ƙetare teku ta hanya biyu. Ko dai ta bi ayarin jiragen kasuwanci da ke tafiya cikin rakiyar jiragen yaƙi, ɗaya zuwa Veracruz a Meksiko, ɗaya zuwa Cartagena a Kolombiya ta yau da Portobelo a Panama, ko kuma ta bi ƙananan jirage masu sauri da ake kira avisos, waɗanda aikinsu kai umarnin sarki da labarin ayari. Babu wanda zai iya cewa ga ranar tashinsu. Talaka da ƙaramin ɗan kasuwa kuwa sukan damƙa wasiƙarsu a hannun matuƙi ko fasinja, su bar wa Allah sauran.

Filifin ta fi ko'ina nisa. Wasiƙar da ta tashi daga Sifaniya sai ta sauka Veracruz, a ɗauke ta a kan alfadari zuwa birnin Meksiko, a gangara da ita Acapulco, sannan ta jira babban jirgin Manila, wanda ya yi zirga-zirga daga 1565 zuwa 1815, galibi sau ɗaya a shekara. Wanda ya aika tambaya yana iya shafe shekara biyu kafin amsa ta dawo.

Wasiƙun wannan dogon zamani kusan ba su da tambarin gidan waya ko kaɗan. Shaidar hanyarsu ba ta wuce abin da mai aikawa ya rubuta da hannunsa ba.

## Gyaran Sarki Carlos na Uku

Shekarar 1762 ce ta tona asirin tsohon tsari. A cikin Yaƙin Shekara Bakwai, Ingila ta ƙwace Habana, babban birnin Kyuba, a watan Agusta, ta ƙwace Manila a Oktoba. Lokacin da jiragen Ingila suka bayyana a gaɓar Manila, hukumomin garin ba su ma san an shelanta yaƙi ba. Labarin faɗuwar garin kuma bai kai Turai ba sai bayan an sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ta Paris a Fabrairun 1763. Habana ma sai da Sifaniya ta sallama Florida kafin a mayar mata da ita.

Bayan wannan kunya, a watan Agustan 1764 Sarki Carlos na Uku ya kafa Correos Marítimos, hukumar wasiƙun teku ta gwamnati, ƙarƙashin ministansa Grimaldi. Tsarin shi ne jirgi ɗaya ya tashi daga La Coruña, a arewa maso yammacin Sifaniya, a farkon kowane wata zuwa Habana. Jirgi na farko, mai suna Cortés, ya tashi ranar 1 ga Nuwamba, 1764. A hanya ana sauke jakunkuna a Puerto Rico da Santo Domingo. Daga Kyuba kuma ƙananan jirage ke rarraba sauran zuwa Veracruz da Cartagena, daga nan su shiga cikin ƙasa. A 1767 aka buɗe hanya ta biyu zuwa Montevideo da Buenos Aires, wadda daga can 'yan saƙo ke ɗaukar wasiƙu ta tudu zuwa Potosí da Lima, ko su haye duwatsun Andes zuwa Santiago.

Zaɓen La Coruña maimakon Cádiz ba ƙaramin al'amari ba ne. An yarje wa jiragen wasiƙa su ɗauki wani kaso na kayan 'yan kasuwa, wanda hakan ya fara huda babakeren da attajiran Cádiz suka yi wa kasuwancin ƙetare, tun kafin dokar sakin kasuwanci ta 1778. A ƙarshen shekarun 1760 masarauta ta karɓe muƙamin da gidan Carvajal ke riƙe da shi, ta biya su diyya, a 1777 kuma aka fitar da cikakkiyar dokar gudanar da hukumar.

Yaƙe-yaƙe da Ingila suka cinye jiragen. A 1802 aka miƙa aikin ga rundunar sojan ruwa, bayan shekara uku kuma rundunar ta sha kashi a hannun Ingila a yaƙin teku na Trafalgar. Da ƙasashen nahiyar suka ɓalle, abin da ya rage wa Sifaniya shi ne Kyuba da Puerto Rico da Filifin, har zuwa 1898. A 1827 'yan kasuwar Habana suka kafa kamfanin jigilar wasiƙu nasu, daga baya jiragen tururi suka karɓi aikin.

## Yadda ake karanta bayan wasiƙa

Tsarin 1764 ne ya haifar da tambura uku da masu tarawa suka fi nema: ESPAÑA ga wasiƙar da ta fito daga Sifaniya, YNDIAS ko INDIAS ga wadda ta fito daga babban yankin Amurka, da YSLAS ko ISLAS ga ta tsibiran Karebiyan. Amfaninsu lissafi ne, domin da ganin tambarin ma'aikaci ya san kuɗin da zai caza. Daga baya, da aka ƙara rarrabe farashi bisa nisa, sai aka samu tambura masu sunan yanki, irin su NUEVA ESPAÑA, ISLAS DE BARLOVENTO, CARACAS, SANTA FE, PERU da BUENOS AYRES.

Wahalar ita ce tambari ɗaya ana iya buga shi a tashar tashi ko ta sauka, kuma kowace tasha da nata sassaƙen. YNDIAS na La Coruña ya bambanta da na Cádiz a tsayin haruffa da tazararsu, wani da jar tawada, wani da baƙa. Gwanintar mai harkar ita ce ya duba ya ce wannan a tasha kaza aka buga shi, tsakanin shekara kaza da kaza. Tambarin ƙaramar tasha da aka yi amfani da shi na ɗan lokaci, wanda 'yan ƙalilan ne suka tsira, shi ne ke tashin farashi a wajen gwanjo.

Kuɗin ma yana da nasa karatun. A nahiyar Amurka ana caza da real na azurfa, a Sifaniya kuma da real de vellón, wanda bai kai shi daraja ba: real takwas na azurfa daidai yake da ashirin na vellón. Duk wanda ya taɓa zuwa aikin hajji ya riƙe jikan wannan kuɗi a hannunsa, domin daga kalmar real aka samo sunan riyal. Idan mai aikawa ya biya tun farko, sai a buga FRANCA. Idan ta aikin gwamnati ce, sai a rubuta Real Servicio, ko R.S. a taƙaice. Waɗannan haruffa biyu, kamar yadda za a gani, su ne suka fi jawo rigima a yau.

Akwai wasu alamomin da haɗarin teku ya bari. Saboda tsoron nutsewa da 'yan fashi, 'yan kasuwa da jami'ai sukan rubuta wasiƙa ɗaya sau biyu ko uku, su aika ta jirage daban-daban, su rubuta duplicado ko triplicado a kai. Kyaftin ɗin jirgin wasiƙa yana da umarnin ya ɗaura wa jakunkuna nauyi ya jefa su teku idan ya ga abokan gaba za su kama shi. Waɗanda ba su samu damar yin haka ba, wasiƙunsu suka ƙare a kotun sojan ruwan Ingila a matsayin shaida. A ma'adanar takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew a Landan akwai wasiƙu kusan 160,000 daga jiragen ƙasashe daban-daban da aka kama, waɗanda ba su taɓa isa hannun masu su ba. A lokutan annobar zazzaɓin shawara kuma, akan tsaga wasiƙa da wuƙa, a turara ta ko a yayyafa mata ruwan khal kafin a bar ta ta shiga gari. Tsagar da tabon suna nan har yau, kuma ƙara mata daraja suke yi.

Inda kuɗi ya shiga, jabu ba ya nisa. Mai ha'inci a wannan fanni ba ya wahalar ƙirƙiro wasiƙa. Yana sayen tsohuwar wasiƙa ta gaskiya marar tambari da araha, ya buga mata tambarin da ba a cika samu ba. Masu tantancewa sai su duba ko kwanan watan ya dace da lokacin da aka san tambarin yana aiki, ko kuɗin da aka rubuta ya yi daidai da hanyar da tambarin ke nunawa, da yadda tawadar ta shiga jikin takarda, musamman a kan layin ninki. Sukan kuma ɗaga takardar ga haske su ga ɓoyayyen tambarin masana'antar da ta yi ta. Wannan dabara ta ƙarshe ita ce masu nazarin tsofaffin littattafan hannu na Kano da Sakkwato ke amfani da ita a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku.

Har zuwa kwanan nan, tambayar da mai saye ke yi ke nan: shin ta gaskiya ce? Takardar shaidar gwani kan wadatar. Sabuwar doka ta kawo tambaya ta biyu, wadda gwanin tambari ba shi da amsarta: ta wace hanya ta bar ƙasar da aka rubuta ta?

## Abin da dokar ta ƙunsa

Dokar ita ce mai lamba 2019/880, kuma tana da hawa uku. Hawa na farko haramci ne na gaba ɗaya, wanda ya fara aiki tun Disambar 2020: ba a yarda a shigo da kayan al'ada da aka fitar daga ƙasarsu ta haramtacciyar hanya ba, komai ƙanƙantar kuɗinsu. Jerin kayan ya haɗa da kan sarki da takardun ma'adana. Hawa na biyu ya shafi kayan da aka haƙo daga ƙasa ko aka ɓamɓaro daga gine-ginen tarihi da suka haura shekara 250, waɗanda sai da lasisi. Wasiƙu ba sa cikin wannan. Hawa na uku shi ne na sanarwar mai shigowa, ga kayan da suka haɗa da littattafan hannu da tsofaffin takardu masu muhimmanci, idan sun cika sharaɗin shekara 200 da na Yuro 18,000 gaba ɗaya. Ana shigar da sanarwar ta wani tsarin intanet na bai-ɗaya, hukuncin saɓawa kuma kowace ƙasa ce ke yanke nata.

Abin da aka ƙirƙira a cikin yankin kwastan na Tarayyar ba ya cikin dokar. Wasiƙar da aka rubuta a Cádiz zuwa Habana, ko da yanzu daga New York za a dawo da ita, wannan doka ba ta taɓa ta ba. Amsarta da aka rubuta a Habana zuwa Cádiz kuwa ta shiga.

Akwai sassauci. Idan ba a iya tantance ƙasar asali ba, ko kuma kayan ya bar ta kafin 24 ga Afrilu, 1972, ranar da yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan al'ada ta haramtacciyar hanya ta fara aiki, ya isa mai shigowa ya nuna cewa kayan ya fita bisa ƙa'ida daga ƙasar da ya zauna a cikinta fiye da shekara biyar a baya-bayan nan.

## Wasiƙar Habana ta wace ƙasa ce?

Gunki ana sassaƙa shi domin ya zauna a inda aka yi shi, rabuwarsa da wurin kan nuna wani abu ya faru. Wasiƙa kuwa domin ta tafi aka rubuta ta. A ɗauki misalin wadda ɗan kasuwa ya rubuta a Habana a 1790 zuwa ga abokin hulɗarsa a Cádiz. Ta bar Kyuba a makon da aka rubuta ta, a jakar gwamnati, daga wani yanki na daular Sifaniya zuwa wani. Irin wannan ba ta da matsala a ƙa'ida, domin adireshin da ke bayanta da ranar isowarta sun nuna ta fita tun kafin 1972 da shekara kusan 180. Nan tambarin gidan waya ya zama hujjar shari'a, abin da ma'aikacin da ya buga shi bai taɓa tunani ba.

Matsalar tana ga wasiƙun da suka ƙare tafiyarsu a can. Wadda aka rubuta a Veracruz zuwa Caracas, ko daga Lima zuwa Buenos Aires, ta zauna a nahiyar Amurka har wani ya fitar da ita. Yaushe, kuma da izinin wa? Sau da yawa amsar ba ta wuce cewa an saya a gwanjo shekaru da dama da suka shige ba, a lokacin da babu wanda ke ajiye rasit saboda takardar da aka saya da kuɗin shan shayi.

Tambayar wa ke da gadon daular da ta rushe ta taɓa zuwa kotu a kan wani kaya daban. A 2007 wani kamfanin Amurka ya tsamo tsabar kuɗi kusan 600,000 daga jirgin Nuestra Señora de las Mercedes, wanda Ingila ta nutsar a 1804. Peru ta nemi haƙƙi bisa hujjar cewa a Lima aka buga kuɗin. Kotunan Amurka suka tsaya a kan cewa jirgin yaƙin Sifaniya ne, a 2012 aka miƙa wa Sifaniya kayan. Wannan hukunci ya dogara ne da matsayin jirgin, don haka bai warware batun takardu ba, amma ya nuna cewa ƙasashe biyu na iya kallon abu ɗaya, kowace ta ce tarihinta ne.

Sifaniya da kanta tana da doka mai tsauri tun 1985. Duk takardar da ta haura shekara 100, ko a hannun wa take, ana lissafa ta cikin gadon takardun ƙasa. Fitar da ita sai da izini, gwamnati na da damar karɓe ta a farashin da gwanjo ya tsaya, wadda aka fitar ba da izini ba kuma ta zama mallakar gwamnati.

## Hujjojin ɓangarorin biyu

Ma'aikatan ma'adanai da masana tarihi, musamman a Latin Amurka, suna cewa kasuwar tsofaffin takardu ta daɗe tana cin abin da aka yago daga kundayen gwamnati da na coci. Suna da misali a hannu. A 1993, lokacin da ake ɗaukar hoton takardu a babbar ma'adanar ƙasar Meksiko, aka gano cewa wasu shafuka masu sa hannun Hernán Cortés, jagoran Sifaniyawan da suka ci Meksiko da yaƙi, sun ɓace. Ɗaya daga ciki, na shekarar 1527, ya ɓullo a wajen gwanjo a Amurka, hukumar FBI ta mayar da shi Meksiko a 2023. A ganinsu, wasiƙa mai alamar Real Servicio da aka aika wa gwamna ko alƙali ko jami'in haraji ofis aka aika wa, ofis kuwa ba ya sayar da fayil. Sun ƙara da cewa takardar da aka cire daga cikin 'yan'uwanta ta rasa rabin ma'anarta. Wannan ya fi tsanani ga wasiƙun 'yan kasuwar Kyuba, inda a tsakanin lissafin sukari da taba ake samun sunayen jirage da adadin 'yan Afirka da aka kai bauta, cinikin da ya ci gaba a ɓoye har cikin shekarun 1860 duk da yarjejeniyar hana shi da Sifaniya ta ƙulla da Birtaniya a 1817.

Masu tarawa da dillalai suna amsawa da cewa mafi yawan abin da ke hannunsu daga ɗakunan ajiyar kamfanonin kasuwanci da na iyalai ya fito, takardun da magada suka sayar ko suka yi niyyar zubarwa. Suna cewa akwai lokutan da ofisoshi da kansu suka sayar da tsofaffin takardu a kan awo, kuma bangon da ke ɗauke da adireshi da tambari shi ne farkon abin da magatakarda ke yarwa. Sun kuma nuna cewa sanin da ake da shi a yau game da wane tambari aka yi amfani da shi a wace tasha, masu tarawa ne suka haɗa shi, wasiƙa bayan wasiƙa. Kokensu a kan dokar shi ne tana neman hujjar da ba a taɓa buƙata ba a lokacin da aka yi cinikin.

Idan aka auna, hujjar kowane ɓangare ta fi ƙarfi a kan irin takarda daban. Maganar masu adanawa tana da nauyi a kan wasiƙun hukuma, musamman masu lambar shafi a kusurwa, ko ramukan ɗinki a gefe, ko gurbin hatimin ma'adana da aka kankare. Maganar masu tarawa tana da nauyi a kan wasiƙun kasuwanci da na zumunci da aka aika wa mutum a gidansa. Dokar ba ta yi wannan rarrabewa ba. Shekaru da farashi take dubawa, farashi kuwa a wannan kasuwa ƙarancin tambari ne ke yanke shi. Wasiƙar da ke ɗauke da labari mai girma amma tambarinta gama-gari ne tana iya wucewa ba sanarwa, yayin da bango marar komai a ciki zai tsaya a kwastan saboda tambarinsa.

Ya kamata a tuna cewa mafi yawan takardun ba su taɓa shiga kasuwa ba. Archivo General de Indias, babban rumbun takardun mulkin mallaka da ke Sevilla, wanda Carlos na Uku ya kafa a 1785, yana riƙe da ɗaurin takardu kusan 43,000, shafuka wajen miliyan 80, da sashe na musamman na hukumar wasiƙu. Da rajistocin irin wannan wuri ake tabbatar da cewa jirgin da aka rubuta a kan wata wasiƙa lallai ya tashi a watan da ake iƙirari. Ke nan mai tarawa ma ba ya iya aikinsa sai da ma'adana.

## Wa abin zai shafa?

Ƙaramin mai tarawa ba zai cika haɗuwa da sanarwar kwastan ba, domin yawancin wasiƙun nan ba su kai ko kusa da Yuro 18,000 ba. Amma haramcin gaba ɗaya ba shi da ƙaramin farashi, don haka wasiƙar da aka sato daga ma'adana haramtacciya ce ko nawa aka saye ta. Abin da ya rage masa shi ne ajiye rasit, da shafin kundin gwanjo, da sunan tarin da wasiƙar ta fito, da hotonta gaba da baya.

Manyan dillalai su ne za su fi jin nauyin. Landan da Geneva da Zurich da New York, inda ake manyan gwanjon wannan kaya, duk suna wajen Tarayyar, alhali da yawa daga masu saye suna Madrid da Barcelona. Ana sa ran wasiƙar da ke da tarihin mallaka a rubuce za ta fi 'yar'uwarta marar shi tsada, ko da tambarinsu ɗaya ne, kuma wasu kayan za su riƙa zagayawa a kasuwannin waje ba tare da sun shiga Turai ba. Iyalan da suka gaji akwatin takardun kakanni a Sifaniya ko Latin Amurka kuwa, dokar ƙasarsu ce ta fi shafar su kafin ta Turai, domin izinin fitarwa a gida ake neman sa.

Dokar ba ta Sifaniya da tsofaffin yankunanta kaɗai ba ce. Sashen da ya kama wasiƙar Lima shi ne zai kama littafin hannu na Larabci ko ajami daga Kano ko Agadas ko Timbuktu idan ya cika sharaɗin shekaru da na kuɗi. Rubuce-rubucen farkon jihadin 1804 da aka kwafa a zamaninsu sun riga sun haura shekara 200. A Najeriya, dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi sai da izinin hukumar, kuma irin wannan izini ne jami'in kwastan a Paris ko Hamburg zai iya tambaya idan littafin ya iso gabansa.